Motar Ɗan Majalisa Ba Ta Mutu Ba

Sifana yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura, yana kokawa da notunan salansa da suka ci tsatsa, sai Mai Waya ya ƙara muryar rediyo. Mai Waya shi ne mai gyaran wutar mota, rumfarsa na jikin ta Sifana, shekara goma sha tara suna raba inuwa ɗaya da rediyo ɗaya.

"Fito ka ji. Yau za a gaya mana wanda ya kashe mutuminka."

Sifana ya turo kansa waje, ya zauna a kan wata taya yana goge hannu da tsumma. Shekararsa talatin da biyu yana kanikanci. Sunan ya bi shi ne saboda sifana mai lamba goma ba ta barin aljihun rigarsa, ko asibiti zai je dubiya. A duk layin garejojin da ke bayan kasuwar katako an san shi da abu biyu: ba ya ɗaura wa mota kayan jabu, kuma ba ya jin kunyar faɗa wa mutum cewa ya iya aikinsa.

Mutumin da Mai Waya ke nufi shi ne Ɗan Majalisa. Tun yana malamin sakandare da wata 'yar ƙwaryar mota da sai an tura take tashi, Sifana ke yi masa gyara. Da ya shiga majalisa ya sami babbar mota, bai sauya bakanike ba. Mutum ne mai baki, ba ya gani ya yi shiru. Shi ya tono maganar filin babban asibitin gwamnati da aka yayyanka aka raba wa manya, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa ranar Alhamis zai karanto sunayensu a zauren majalisa. Ranar Talata da ƙarfe huɗu na yamma aka harbe shi a kujerar baya ta motarsa, kusa da gadar da ke bayan gari. Direbansa ya tsira da harsashi a kafaɗa. Gari ya ɗauki zafi, sai gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani tsohon alƙali. Wata bakwai ke nan ana jira.

Mai karanta labarai ya ce kwamitin ya gano babu hannun siyasa a kisan. Ya ce motar marigayin ce ta mutu a hanya saboda famfon mai ya lalace, direba ya gangara gefen titi, 'yan fashin da suka saba tare wannan hanya suka auka musu. Ya ƙara da cewa kwamitin ya yi takaicin yadda sakacin masu gyara ke jefa rayukan jama'a cikin haɗari.

Mai Waya ya rage murya a hankali, bai kalli abokinsa ba.

"Famfon me ya ce?" in ji Sifana.

"Ka ji shi ai."

"Famfon da na ɗaura da hannuna kwana goma sha ɗaya kafin ranar? Sabo fil, ni na yage kwalinsa?"

"Yi a hankali, Sifana, akwai mutane."

"Su mutanen nake so su ji. Wallahi ƙarya ne!"

Kafin mako ya zagayo magana ta game layin. Ba a ambaci sunansa a rahoton ba, amma wa bai san bakaniken Ɗan Majalisa ba? Mai kantin magani, wadda shekara tara tana kawo motarta, ta aiko aka ɗauke ta ba a gama aikin birki ba. Wani direban tasi ya tsaya a bakin rumfa ya leƙo da kai yana dariya.

"Oga, a duba mini famfo, amma don Allah kar a ajiye ni a gada."

Sifana ya dube shi sama da ƙasa. "Taka ko gadar ba za ta kai ba. Ja tsummarka ka ba ni wuri."

Wata jarida ta buga rahoton gaba ɗaya, shafi-shafi. Sifana karatunsa na lambobin kayan gyara ne, dogon rubutu yana sa shi hamma, don haka ya kai wa matarsa. Malama ce, tana koyarwa a firamare, aji biyar. Da yamma bayan ta dawo ta zauna a tsakar gida, ta sa tabarau, ta bi rubutun da yatsa har ta iso wurin.

"Ga shi nan. Sun ce ƙwararren da kwamiti ya gayyato ya sa wa motar batir, ya murɗa makulli, ya tabbatar famfon mai ba ya aiki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Layi uku."

"Bai ce ya ciro famfon ba? Bai ce ya ba shi wuta kai tsaye ya gani ba?"

"Bai ce ba." Ta cire tabarau. "Baban yara, zan gaya maka magana, ka ji ni da kyau. Waɗanda suka rubuta wannan ba da kai suke ba. Hanyar fita suke nema, kai ne kawai ka zo a kusa. Mutumin da ya fi ka baki sun rufe masa baki a kan titi da rana tsaka."

"Na sani."

"To?"

"To su nemi wata ƙaryar. Su ce aljani ne ya tare shi, ba ruwana. Amma ba za su ɗora wa famfona ba. Malama, da wani zai zo ya ce 'yan ajinki sun faɗi jarrabawa don ba ki iya koyarwa ba, alhali ke kin san takardunsu aka musanya, shiru za ki yi?"

Ta ɗan yi murmushi. "Ni ai da tuni na je ofishin da bulala." Ta naɗe jaridar ta miƙa masa. "Je ka. Amma duk inda za ka sa ƙafa ka fara gaya mini."

Wurin direba ya fara zuwa. Ya same shi a ƙofar ɗakinsa na haya, a kan benci, hannun hagu a maƙale a ƙirji don har yanzu ba ya miƙewa. Ya rame, gashin kansa ya yi fari a gefe. Da ya hango Sifana sai ya yi kamar zai shige ciki, sannan ya fasa.

Suka gaisa, Sifana ya tambayi jiki da yara. Sannan ya matso.

"Ba dogon zance na zo da shi ba, ƙanina. Kai ka tuƙa motar nan kwana goma sha ɗaya bayan na yi mata aiki. Ta taɓa shaƙewa a hawa?"

Direba ya kalli ƙasa.

"Ta taɓa yi maka gardama da safe? Ka taɓa jin kuka a ƙarƙashin kujerar baya?"

"Oga, na faɗa wa kwamiti abin da na faɗa."

"Na ji abin da ka faɗa musu. Ni tawa tambayar daban ce."

"'Ya'yana huɗu, Oga." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ina gadon asibiti aka zo mini da takarda, an riga an rubuta. Suka gaya mini sunan makarantar babbar 'yata da ajinta. Ban tambaye su ba, su suka faɗa."

Sifana ya dafa lafiyayyiyar kafaɗar.

"Ba zan kira sunanka a ko'ina ba. Ba ma sai ka ce komai ba, motar za ta yi magana."

Washegari ya sa wankakkiyar riga ya nufi gidan marigayi. Matar marigayin ta karɓe shi a falo, inda har yanzu littattafan mijin ke jibge a kan tebur. Ƙaninta yana nan, lauya ne, shi ke bin maganar tun farko. Rahoton na gabansa, ya ja layi da jan biro a kusan kowane shafi.

"Wurare ashirin da shida na samu da ba su haɗu ba," in ji Lauya. "Ba a taɓa agogonsa ba, ba a taɓa wayarsa ba, jakar takardu kaɗai aka ɗauka. Na rubuta musu sau uku, ko amsa babu. Jama'a kuma sun gaji, kowa ya ce a bar wa Allah."

"Ranka ya daɗe, wa zai zauna ya karanta wurare ashirin da shida? Ina motar take?"

"Tana harabar da 'yan sanda ke ajiye motocin shaida."

"Tunda sun ce an gama bincike, ba dole su mayar wa iyali da kayansu ba?"

"Dole ne, idan kotu ta ba da takarda. Sai mu kai janwe mu jawo ta."

"A'a, kar janwe ta taɓa ta. Idan ta kwana ɗaya a garejina za su ce na sauya famfo. A inda take zan tashe ta, a gaban idonsu, da 'yan jarida a tsaye. Batir kawai zan kai da jarkar sabon mai."

Lauya ya ajiye biro. "Malam Sifana, ka san abin da kake faɗa? Idan ka murɗa ta ƙi tashi a gaban kyamara, kai da kanka ka buga wa rahotonsu hatimi. Mun gama ke nan."

"Za ta tashi."

"Wata bakwai tana hannunsu."

"Idan sun taɓa ta zan ga wurin da suka taɓa. Famfon mai ba ya faɗuwa haka kawai ya mutu, sai ya yi jinya tukuna. Yakan yi kuka, mota ta riƙa shaƙewa, direba ya zo yana ƙorafi. Wannan ko tari bai yi ba. In na buɗe na tarar nawa ne kuma a mace yake, ni da bakina zan gaya wa 'yan jarida, in rufe gareji in koma sayar da taya."

Matar marigayin ta ɗago kai.

"Maigidan yakan ce duk garin nan mutum biyu ne ba sa yi masa ƙarya, ni da bakanikensa. Ni kuma, in ji shi, wani lokacin nakan yi." Ta juya ga ƙaninta. "Nemo takardar."

"Yaya, ki yi tunani."

"Wata bakwai ina tunani. Nemo takardar."

Mako biyar aka yi kafin takardar ta fito. A cikin makonnin Sifana ya yi abin da ya ba Mai Waya mamaki. Ya je har gida ya gayyaci shugaban ƙungiyar kanikawa, wani dattijo da suka shekara shida ba sa ga-maciji tun wani zaɓen ƙungiya.

"Duk garin nan ka rasa wanda za ka kira sai shi?" in ji Mai Waya.

"Shi nake so. Kowa ya san in ya ga inda zan faɗi, shi zai fara tafi. In ya ce na yi gaskiya wa zai musa?"

Ranar da aka sa, ƙarfe goma na safe, suka hallara a harabar. Fili ne babba da katanga, motoci jere cikin ciyawa, wasu sun nutse har gindi. Motar Ɗan Majalisa tana can ƙurya kusa da wata motar bas da ta ƙone. Tayoyi uku sun sace, ƙura ta rufe gilashi, ga hujojin harsashi biyar a ƙofar baya ta dama. Matar marigayin ta tsaya nesa kaɗan, ta kama hannun Malama, wadda ta ɗauki izini daga makaranta ta biyo mijinta. 'Yan jarida sun kai goma.

Jami'in da ke kula da harabar ya karanta takardar kotu sau biyu, ya dubi jarka da batir.

"Takarda ta ce ku ɗauki mota. Ba ta ce ku yi wasan kwaikwayo ba."

"Ɗauka za mu yi, ranka ya daɗe," in ji Lauya. "Takarda ba ta ce da janwe ba."

Jami'in ya ɗaga kafaɗa. "Ku gwada. Ƙwararru sun riga ku."

Sifana ya cire rigarsa ta sama, ya miƙa wa Malama, ya juye aljihunan wandonsa waje don kowa ya gani. Ya ce shugaban kanikawa ya buɗe bonet da kansa. Dattijon ya buɗe, ya duba man injin da ruwa, ya ɗaura batir, ya juye mai a tanki, fuskarsa a murtuke kamar an tilasta shi. Sifana ya shiga ya zauna a kujerar direba. Bai waiwaya baya ba, don ya san abin da ya bushe a kan kujerar. Ya murɗa makulli.

Injin ya juya, ya juya, bai kama ba.

Ya sake murɗawa. Haka dai.

"Kun gani?" in ji jami'in, yana kallon kyamarori. "Ku rubuta da kyau."

Lauya ya share goshi da hankici. Matar marigayin ta sunkuyar da kai. Wani ɗan jarida har ya fara naɗe wayar makirfonsa.

Sifana ya fito daga motar ba tare da gaggawa ba. "Don Allah a yi mana shiru na minti ɗaya. Shugaba, sa kunnenka a bakin tanki. Zan buɗe makulli ban tayar ba."

Dattijon ya buɗe murfin tanki ya kara kunne. Sifana ya buɗe makulli.

"Me ka ji?"

"Babu komai. Ko motsi."

"Famfon da ya gaji, in an ba shi wuta, yaya yake yi?"

"Yakan yi gurnani, ko ya ɗan buga." Dattijon ya miƙe, ya dubi Sifana, yanzu fuskarsa ta sauya. "Wannan wuta ce ba ta zuwa."

"Buɗe mana akwatin fiyus. Kai za ka buɗe, ni ba zan taɓa ba."

Akwatin ɗan baƙin roba ne a gefen batir. Dattijon ya ɓalle murfin, ya juya shi ya karanta zanen da ke ciki, ya bi layin da yatsa. Fiyus-fiyus, 'yan abubuwan da wutar mota ke bi ta cikinsu, a jere, ja da shuɗi da rawaya, sai gurbi ɗaya a layi na biyu, wayam.

"Na mene ne wannan gurbin, Shugaba? Faɗa da ƙarfi, masu kyamara ba su ji ba."

"Na famfon mai ne."

'Yan jarida suka yo caa a kan bonet. Sifana ya bari suka ɗauki hoto har suka ƙoshi, sannan ya ce wa dattijon ya zare fiyus ɗin hon, tunda ƙarfinsu ɗaya, ya sa a gurbin. Sifana ya koma ya buɗe makulli. Wannan karon ba sai an kara kunne ba, waɗanda ke kusa duk sun ji ɗan zuuu daga ƙarƙashin kujerar baya. Ya murɗa. Injin ya yi tari sau biyu, salansa ta feso baƙin hayaƙi da busassun ganyaye, sai ya kama. Ya taka totur, ƙarar ta cika harabar, sannan ya sake shi ya daidaita, yana aiki lafiya lau kamar jiya aka ajiye shi.

Malama ce ta fara cewa, "Alhamdu lillahi!" Matar marigayin ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sifana ya leƙo ta taga. "Da na yi muku hon, amma kun ga inda fiyus ɗinsa ya tafi."

Ya fito ya bar injin yana aiki, ya tsaya a gaban kyamarori.

"Ni ba ɗan siyasa ba ne, ban san wanda ya kashe shi ba. Abin da na sani shi ne mota. Motar nan in babu wannan ɗan abin, ko ƙofar gida ba za ta fita ba. Ranar nan ta yi tafiyar kilomita arba'in kafin ta kai gada, ke nan yana ciki. Fiyus yakan ƙone, amma ba ya buɗe murfi ya fita ya mayar da murfi ya rufe. Hannu ne ya cire shi, bayan mota ta tsaya. Shugaba, na yi ƙarya?"

Dattijon ya gyara murya. "Ni da mutumin nan ba ma shiri, kowa ya sani. Amma famfonsa lafiyarsa ƙalau."

Jami'in ya matso, gumi na bin wuyansa. "Wannan ba ya nuna komai. Wa ya sani ko direban ne ya cire shi? Mota ta ba shi matsala, ya buɗe bonet yana taɓe-taɓe, ya zare ya yar. Ko ma da shi aka haɗa baki. Ai shi ya kamata a sake tambaya."

"Ban buɗe bonet ba."

Kowa ya waiwaya. Direba ne, a tsaye bayan 'yan jarida, da hula ya ja ta har gira. Ba wanda ya ga shigowarsa. Sifana ya girgiza masa kai, alamar ya bari, amma ya riga ya tako gaba.

"Na yi shiru don a bar ni da 'ya'yana, yanzu kuma ni za a ce na haɗa baki? Shekara takwas ina tuƙa shi." Ya juya ga matar marigayin. "Ranki ya daɗe, ki yafe mini. Mota ba ta mutu ba, ni na kashe ta da hannuna. Shinge muka tarar kafin gada, mutum uku cikin kaki, da motarsu a gefe. Suka ce in gangara in kashe injin. Na kashe, na sauke gilashi, har na ɗauko takardun mota zan miƙa. Ɗaya ya leƙa baya ya ce, 'Shi ne.' Maigida yana cewa, 'Lafiya, samari?' Iyakar abin da ya faɗa ke nan."

Injin kawai ake ji. Jami'in ya ciro waya ya yi can bayan bas ɗin da ta ƙone. Lauya kuwa ya kama direba da hannu, ya sa shi a motarsa tun kafin 'yan jarida su gama tambayoyi, ya aika aka kwaso matar direban da yara. A ranar suka bar gari zuwa gidan wani ɗan'uwan marigayi.

An sa wa motar iska a taya, Sifana ya tuƙa ta a hankali har ƙofar gidan marigayi, mutane na tsayawa a bakin titi suna nuna hujojin.

Abin bai wuce haka nan ba. Kwana uku bayan nan wasu ma'aikata suka zo suka garƙame rumfarsa da kwaɗo, wai takardar izininsa ba ta cika ba. Sifana ya kwashi akwatin kayan aiki ya koma gindin bishiyar da ke bakin titi, ya ci gaba da aiki a nan kwana goma sha tara. Motoci suka yi layi har kasuwar katako, wasu lafiyarsu ƙalau, masu su hira kawai suka zo yi. Mai kantin magani ta dawo da tata da kanta, tana ta kame-kame. Ya ce mata ta bar zancen, birki ne dai har yanzu ba a gama ba. An riƙa kiran wayarsa a yi shiru a kashe. Malama ta ce ya sauya lamba, ya ce masu mota fa, ta ina za su same shi?

Ranar da aka buɗe rumfar, wani tsoho mai sanda ya sauko daga tasi, ya zauna a kan benci ba tare da an ce masa bismilla ba.

"Kai ne Sifana? Ni ne na shugabanci kwamitin."

"Na gane ka, ranka ya daɗe. Na ga hotonka a jarida."

"Nuna mini irin abin."

Sifana ya ɗauko fiyus ɗaya daga gwangwani ya sa masa a tafin hannu. Tsohon alƙalin ya juya shi, ya ɗaga shi sama yana kallon ɗan siririn ƙarfen da ke ciki.

"Ɗan wannan?"

"Shi ke nan."

"Shekara ashirin da takwas ina kan kujerar shari'a, ban taɓa yanke hukunci a kan gona ban je na taka ta ba. Wannan karon aka ce mini mota tana nesa, ga rahoton ƙwararre, ga rantsuwar direba, gari na jira. Na sa hannu ban ga motar ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Kana ganin na yi abin kunya, ko?"

"Ni wane ne, ranka ya daɗe? Amma mu a nan, in mutum ya ɗaura abu ba daidai ba, kwancewa yake yi ya sake."

Tsohon ya tambaya ko zai iya tafiya da fiyus ɗin. Sifana ya ce kyauta ne.

A makon ya rubuta wasiƙa ya janye sa hannunsa, ya ba jaridu kwafi kafin ya kai wa gwamnati. Daga nan babu yadda za a yi, kotu ta karɓi maganar. Ƙwararren ya amsa cewa minti goma aka ba shi da motar, da mutum a tsaye a kansa, kuma ko akwatin fiyus bai buɗe ba. Direba ya nuna biyu daga cikin mutum ukun a hoto, aka kama su. Na ukun an ce ya tsallake iyaka. Jakar takardun ba a gan ta ba har yau, kuma waɗanda aka kama ba su faɗi wanda ya aike su ba.

Sifana ya ba da shaida a zama na huɗu. Lauyan gwamnati ya tambaye shi ko yana da takardar shaidar injiniya. Ya ce ba shi da ita. Lauyan ya ce to da wane ilimi yake ƙaryata ƙwararre mai digiri biyu?

"Ranka ya daɗe, shi ya ce ba za ta tashi ba, ni na ce za ta tashi. Tana waje, ga makulli in kana so."

Sai da alƙali ya buga tebur sau uku kafin dariya ta lafa. Aka ɗage zama zuwa wata mai zuwa.

A bakin matakalar kotu Malama ta ce masa tunda ya gama nasa, sai ya huta haka nan, sauran na lauyoyi ne.

"Wane hutu? Waɗancan biyun 'yan aike ne. Ki ajiye mini rigar nan a goge, duk zaman da za a yi ina benci na gaba, har in ji sunan mai aiken da kunnena."

"To ni ma a riƙe mini wuri," in ji ta.